Allo Ya Ce 13.6, Mita Ta Ce 14.2: Ina Wuta Ke Maƙalewa a Ƙaramin Jirgin Sama?

Akwai wata matsala da ke yawan haɗa matuƙi da injiniya gardama a kan ƙananan jiragen sama irin su Cessna 172 da Piper Cherokee. Matuƙi ya sauko ya ce ƙarfin wuta ya yi ta hawa da sauka a sama, injiniya ya tayar da injin a ƙasa ya tarar komai lafiya lau. Wani lokacin kuma na'urori uku ne a jirgi ɗaya, kowacce da tata lambar: allon matuƙi ya nuna bolt 13.6, na'urar lura da injin ta nuna 13.9, mitar hannu da aka ɗora a kan batir ta nuna 14.2.

Ruɗanin ya ƙaru ne tun da aka fara ɗora na'urorin zamani a kan tsofaffin jirage. Da yawa daga cikin jiragen horo da ke shawagi a duniya an ƙera su ne a shekarun 1960 da 1970, lokacin da allura ɗaya ce ke nuna halin wuta, ita ma a gurguje. Yanzu an maƙala musu allunan da ke nuna lamba har da ɗigonta, alhali wayoyin da ke bayan allon na nan yadda aka shimfiɗa su shekara hamsin ko sittin da suka wuce. Bambancin da ba a gani a da, yau ga shi baro-baro a gaban matuƙi. Abin da ya rage shi ne a rarrabe wanda ba komai ba ne da wanda ke sanar da cewa wuta na shirin ɗaukewa.

Lambobin da ake sa ran gani

Tsarin wuta iri biyu ne a ƙananan jirage. Akwai mai batirin bolt 12, wanda ake kira tsarin bolt 14, da mai batirin bolt 24, wanda ake kira tsarin bolt 28. Lambar farko ta batir ce, ta biyun kuwa ita ce abin da altaneta, wato na'urar da ke haifar da wuta, ke bayarwa in injin na aiki, domin batir ba ya ɗaukar caji sai an tura masa wutar da ta fi tasa ƙarfi. Cessna 172 ta koma tsarin 28 daga ƙirar 1978, yawancin tsofaffin Cherokee kuma na 14 ne.

Batirin dalma mai cikakken caji, in an bar shi ya huta, yakan nuna kimanin 12.6 zuwa 12.8, na 24 kuma ninkin haka. In injin na gudu, ana sa ran ganin wajen 13.8 zuwa 14.4 a ƙaramin tsarin, ko kusa da 28 a babban. Ainihin iyakar kowane jirgi tana cikin littafinsa na gyara, kuma ita ce abin bi.

Hanyar wutar gajeriya ce. Daga batir ta bi ta babban rile, wato makunni mai aiki da lantarki, wanda makunnin matuƙi ke buɗewa da rufewa, ta isa sandar rabon wuta da ke bayan allo, daga nan kowace na'ura ta ɗebi rabonta ta kan birekarta. Altaneta ma a sandar take juye tata wutar. Mai tsare ƙarfin shi ne regileta: yana auna wutar sandar, in ta yi ƙasa ya ƙara 'yar wutar da yake aika wa maganaɗisun da ke juyawa cikin altaneta, in ta yi sama ya rage. Wannan 'yar wuta, wadda injiniyoyi ke kira wutar fil, ba ta wuce amfiya kaɗan ba, amma ita ke sarrafa amfiya 60 ɗin da altanetar Cessna 172 ke iya fitarwa. Dawowar wuta kuwa ta jikin jirgin take bi, shi ne atin.

Har allurar amfiya ba ma'ana ɗaya take da ita a ko'ina ba. A yawancin Cessna sifili na tsakiya ne, allurar na nuna abin da ke shiga batir ko fita daga cikinsa. A yawancin Piper kuwa tana nuna lodin da ke kan altaneta ne. Don haka allura a kan sifili alama ce ta lafiya a jirgin farko, a na biyun kuma tana iya nufin altaneta ta mutu. Ɗalibin da ya sauya jirgi bai lura da wannan ba zai kai rahoton cutar da babu ita, ko ya yi shiru a kan wadda take akwai.

Me ya sa mita biyu ke saɓa wa juna

Ƙarfin wuta bambanci ne tsakanin wurare biyu, ba wani abu ba ne guda da ke cike da jirgin. Kowace mita tana da wurin da take ɗaukar wuta da wurin da take atin, kuma abin da ke tsakanin waɗannan biyun kaɗai take faɗa. Mai gida a bakin taransfoma da mai gida a ƙarshen layi duk wuta ɗaya suke sha, amma ƙwan na ƙarshen ya fi dushewa, musamman da magariba in kowa ya kunna kayansa. Haka abin yake a jirgi: mita biyu na iya saɓawa kuma duk su zama masu gaskiya.

Lissafin mai sauƙi ne. Abin da ke zubewa a hanya shi ne yawan wutar da ke wucewa sau turjiyar wurin. Mahaɗar da tsatsa ta ci har turjiyarta ta kai om 0.02 ba za ta nuna komai ba in an gwada ta da mita injin na kashe, domin wayoyin mitar kansu sun fi haka turjiya. Amma in amfiya 30 ta bi ta kanta, bolt 0.6 ya tafi, kuma ya zama zafi a daidai wurin. Shi ya sa gwajin turjiya ba ya kama irin wannan cuta. Ana kama ta ne in an kunna lodi, kamar fitilar sauka da hitar bututun auna gudu, sannan a ɗora mita a gefe biyu na mahaɗar a ga nawa ya zube.

Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta sa iyaka a littafinta na ƙa'idojin gyara, AC 43.13-1B. Daga sandar rabo zuwa na'urar da ke aiki ba yankewa, kada asarar ta wuce rabin bolt a tsarin 14, ko bolt ɗaya a tsarin 28. Daga altaneta ko batir zuwa sandar kuma kada ta wuce kashi 2 cikin 100. Da wannan ma'auni, bambancin 0.1 ko 0.2 tsakanin allo da batir ba abin tayar da hankali ba ne. Bambancin 0.6 kuwa, musamman in yana ƙaruwa duk lokacin da aka ƙara lodi, akwai inda wuta ke maƙalewa.

Atin shi ne wurin da aka fi mantawa. Injin yana zaune ne a kan robobin da ke shanye jijjiga, roba kuma ba ta ɗaukar wuta, don haka akwai wata kakkaurar waya da ke haɗa injin da jikin jirgi. In ta yi sako-sako ko ta yi tsatsa, injin da jikin jirgi sai su daina zama a sifili ɗaya. Na'urar da aka yi wa atin a injin ta faɗi lambarta, wadda aka yi wa a bayan allo ta faɗi tata, har ma'aunin zafin mai na iya motsi in an kunna fitila. Wasu tsofaffin Piper kuma da manyan wayoyin alminiyam suka fito daga masana'anta, waɗanda bakinsu ke saurin lalacewa, shi ya sa aka sauya wa da yawa da na jan ƙarfe. Su kuwa 'yan na'urorin cajin waya masu nuna lamba da ake cusawa a ramin kunna taba, ba shaidar da za a kafa hukunci a kanta ba ce.

Allurar da ke rawa

Wata alama da ta shahara ita ce allurar amfiya ta riƙa kaɗawa dama da hagu a kai a kai, fitilun allo na haske suna dushewa tare da ita. Mafi yawan mutane regileta suke fara zargi, amma sau tari ba a nan gizo ke saƙar ba.

A tsofaffin jirage da yawa, waya ɗaya ce ke yi wa regileta aiki biyu: ta cikinta yake auna ƙarfin sandar rabo, ta cikinta kuma yake jan wutar fil. Wayar tana bi ta kan ƙaramar bireka da kuma rabin makunnin matuƙi mai rubutun ALT. In bakin makunnin ya tsufa ya tara turjiya, to da zarar regileta ya ja wutar fil, wani abu zai zube a makunnin, sai regileta ya ga kamar wutar jirgi ta yi ƙasa, ya ƙara ja. Altaneta ta wuce gona da iri, regileta ya ja baya, asarar makunnin ta ragu, abin da yake gani ya sake canjawa, a koma farko. Om 0.1 kacal a hanyar amfiya 3 ya isa ya ɓatar da regileta da bolt 0.3. Ko da rawar ba ta fito ba, sakamakon shi ne wutar sandar ta zauna sama da inda aka saita ta, batir na shan cajin da ya fi ƙarfinsa. Za a iya sauya regileta sau biyu allurar ba ta daina rawa ba, alhali makunni ko bireka ne ke neman canji.

Lokacin da lambar ke motsi shi ne bakin zaren

Rahoton da ya tsaya a "wuta na wasa" bai ba injiniya komai ba. Abin da ke da amfani shi ne me ke faruwa daidai lokacin da lambar ta motsa.

In tana faɗuwa ne sa'ad da injin ke juyi a hankali ana tafiya a ƙasa da fitilu kunne, ta dawo da an ƙara mai, littafin Cessna kansa ya ce fitilar gargaɗin ƙarancin wuta na iya kamawa a wannan hali, kuma ba laifi ba ne. In kuwa tana faɗuwa a sama duk sa'ad da aka ƙara lodi, ana duba bel ɗin da ke juya altaneta ko yana sulɓewa, sannan a duba dayod. Altaneta wuta mai kai-da-komo take haifarwa ta layi uku, dayod shida ne ke miƙar da ita. In ɗaya ya ƙone, altaneta za ta ci gaba da aiki amma ƙarfinta ya ragu sosai, kuma matuƙi yakan ji wani siririn kuka a abin saurarensa mai hawa da sauka tare da juyin injin. Mitar hannu in an juya ta ɓangaren wuta mai kai-da-komo tana nuna wannan.

Faɗuwa ta ɗan lokaci da ke zuwa da jijjiga tana nuni ga sakakken noti, ko wayar da ta karye a cikin rigarta, ko buroshin altaneta da ya cinye. Wadda ke bayyana bayan an ɗan jima a sama ta ɓace in jirgi ya huce, zafi ne ke tono ta, kuma ita ce ta fi wahalar da injiniya domin ba ta zuwa a gwajin ƙasa na minti biyar. Akwai ma wadda ke zuwa sai matuƙi ya danna maɓallin magana a rediyo, inda siginar rediyon ke kutsawa cikin regileta ta lalatacciyar wayar eriya.

Hawa sama ya fi faɗuwa haɗari ga na'urori. Shi ya sa akwai mai gadin da ke yanke wutar fil in ƙarfi ya kai wajen bolt 16 a ƙaramin tsarin, ko 31 zuwa 32 a babban. Matuƙin da ya ga wuta ta faɗi zuwa ƙarfin batir farat ɗaya yana iya zaton altaneta ta gaza, alhali wuta ce ta yi yawa aka kashe ta da gangan. Na'urorin lura da injin na zamani suna adana lambobin kowace tafiya, kuma sauke wannan bayani yakan nuna ko ɗan tsalle sama ya riga faɗuwar.

Tsarin bincike

Injiniyoyin da suka ƙware suna farawa ne daga mai ba da labarin: a gwada lambar allo da mitar da aka tabbatar da ingancinta, a wuri ɗaya kuma lokaci ɗaya. Daga nan sai batir, domin raunannen batir yana rikita duk wani gwaji da zai biyo baya. Lambar 12.6 ba ta isa shaida ba. Tsohon batir na iya nuna ta amma ya kasa riƙe lodi na minti goma. Gwajin da ake dogaro da shi shi ne a zuƙe shi da lodi sananne a ga tsawon lokacin da zai yi, kuma masu ƙera batiran jirgi sun sa iyakar a kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na ƙarfinsa na asali. Bayan haka a bi hanyar wuta mahaɗa bayan mahaɗa da lodi kunne, ɓangaren wuta da ɓangaren atin, a auna abin da ke isa bakin fil na altaneta. Sai an gama wannan ake tayar da injin, da dogayen wayoyin gwaji da aka ja zuwa cikin jirgi, don kada kowa ya tsaya kusa da farfela.

Wata dabara da aka saba gani a garejin mota, ta cire kan batir injin na gudu don a ga ko altaneta na caji, ba ta da wuri a nan. Batir shi ke shanye tsallen wuta, in an cire shi tsallen kan rediyo da allo yake sauka.

Inda ra'ayi ya rabu

Saɓani na farko a kan sauya kaya ne. Masu jiragen haya da makarantun horo suna lissafin awa: jirgin da ke ajiye ba ya kawo kuɗi, awannin injiniya ma kuɗi ne, don haka wani lokaci sauya altaneta da regileta gaba ɗaya ya fi musu sauri. Suna da hujja in altanetar dama ta kusa lokacin canjinta. Masu cewa a auna tukuna suna nuna cewa in cutar na cikin waya ce, sabon kaya ba zai warkar da ita ba, kuma wani lokaci taɓa mahaɗai wajen sauyawar ne ke ɓoye ta na 'yan makonni ta dawo. Aikin ma ba ƙarami ba ne: a injin Lycoming sai an cire farfela kafin a sa sabon bel, a manyan injinan Continental da yawa kuma altaneta da giyar injin take haɗe, inda kuskuren ɗauri ke iya zubar da ɓarɓashi cikin man injin. A inda kayan gyara ke zuwa daga waje da dala, awa biyu na gwaji sun fi saye a kan zato arha nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne abin da matuƙi zai yi a sama. Littattafan jirage da yawa sun yarda a kashe makunnin altaneta a sake kunnawa sau ɗaya, domin tsalle na ɗan lokaci na iya tayar da mai gadin. Wasu malaman tuƙi kuwa sun fi tsanantawa a kan birekar da ta faɗi, suna cewa ba a mayar da ita sai in ba makawa, saboda in gajeriyar hanya ce, wato waya mai wuta ta taɓa jikin jirgi ko wata waya, ta kayar da ita, mayarwar na iya haifar da gobara. Inda kowa ya haɗu shi ne ba a maimaitawa: in ta sake faɗuwa, a rage lodi a nemi filin sauka.

Na uku shi ne tayar da jirgi da wutar waje in batir ya mutu. Wasu na ganin ba komai tunda altaneta za ta cika shi a hanya. Masu adawa na cewa jirgin ya tashi ke nan ba shi da ajiya ko kaɗan. A 2007, a Speyer da ke Jamus, wani jirgin Diamond DA42 da aka tayar da injinansa biyu da wutar waje bayan batirinsa ya mutu ya rasa su duka jim kaɗan da tashi: naɗe tayoyi ya ja wuta, ƙarfi ya faɗi na ɗan lokaci, kwamfutocin da ke sarrafa injinan suka ɗauke. Bayan nan ne aka wajabta ƙara musu batiran ko-ta-kwana.

Abin da ya shafi ɗalibi da fasinja

Wannan hatsarin ya fito da bambancin da ya kamata duk mai koyon tuƙi ya riƙe. Injin fetur na gargajiya da magnito biyu yake kunna fulogoginsa, su kuma da kansu suke haifar da wutarsu, don haka ko wutar jirgi ta ɗauke gaba ɗaya injin zai ci gaba da gudu. Injinan dizal na zamani masu kwamfuta kuwa, irin na DA42, rayuwarsu na hannun wuta. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana horo da jiragen Tampico masu magnito, daga baya ta shigo da Diamond DA40 da DA42. Ɗalibin da ya tashi daga wancan zuwa wannan dole ya sauya yadda yake ɗaukar fitilar gargaɗin wuta.

Ko a jirgi mai magnito, rashin wuta na tafiya da rediyo, da na'urar da ke nuna jirgin ga masu kula da zirga-zirga, da ma'aunin mai, da fitilu. A yawancin Cessna 172 har filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa wajen sauka, da wuta yake aiki, saɓanin Cherokee da ake ja da hannu. Da rana tsaka a sararin sama mai haske, matuƙi zai iya zagayowa hasumiya ta haska masa koriyar fitila ya sauka. Da dare ko cikin ƙurar hunturu da ke rufe Kano da Zariya da Damagaram, lissafin ya sha bamban. Ma'aunin da aka saba gina jirage a kai shi ne batir ya riƙe muhimman na'urori na minti 30, kuma ƙirgen yana farawa ne daga lokacin da altaneta ta tsaya, ba daga lokacin da matuƙi ya ankara ba. Zafin bazara kuma yana tsufar da batirin dalma da wuri, yana ƙafar da ruwansa, ga ƙura na shiga buroshin altaneta.

Ta fuskar doka, gyaran wutar jirgi aikin injiniya mai lasisi ne, a Najeriya ƙarƙashin hukumar kula da harkar jiragen sama, NCAA, kuma shi ke sa hannu kafin jirgin ya sake tashi. Altanetocin tsofaffin Cessna da Piper daga ƙirar motocin Ford da Chrysler aka samo su, har suna kama da na kasuwar kayan mota, amma ba a ɗora wa jirgi kayan da ba su zo da takardar shaidar inganci ba, irin su fom 8130-3 na Amurka ko Fom 1 na Turai. Rabon matuƙi a aikin shi ne abin da zai rubuta a littafin jirgi bayan ya sauka: lambar da ya gani da na'urar da ta nuna ta, juyin injin a lokacin, kayan da ke kunne, minti nawa da tashi, da abin da allurar amfiya ke yi a daidai wannan lokaci.